Kek cikin shayi, damin asperge da jan takalmi: amsa kan littafin Proust

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a sashen Faransanci, ajin ƙarshe. An ba ni furojet kan alamtarwa da fasaha da bambancin matsayi a littafin Marcel Proust, À la recherche du temps perdu. Gaskiya Malam na fara karantawa na rasa inda aka dosa, mutum ya yi kusan shafi 30 yana juyi a kan gado ya kasa barci, daga nan sai liyafa, a gama a shiga wata liyafar. Duk abin da na samu a intanet maganar kek ɗin nan ne da aka tsoma a shayi. Wai kek ɗin alamar mene ne? Kuma me ya haɗa zane da kiɗa da maganar masu kuɗi da talakawa? Ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kika fara wannan ƙorafin ba, ɗaya daga cikin kamfanonin ɗab'in da suka ƙi karɓar littafin tun farko ma kusan abin da ya ce ke nan, wai ya kasa gane yanda mutum zai ɓata shafi 30 yana bayanin juyin da yake yi a gado. In na fahimce ki tambayarki uku ce a dunƙule, ma'anar alamomin, da alaƙar fasaha da matsayi, da kuma inda za ki sa ƙafa. Toh ni a ganina guda ɗaya ce, don a wannan littafin ba ki isa ki raba su ba.

Mu fara da ƙasar da abin ya tsiro

An haifi Proust a 1871 a Auteuil, gefen birnin Paris, ya rasu a watan Nuwamba 1922. Babansa Adrien Proust babban likita ne kuma farfesa, asalinsa ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Illiers, mahaifiyarsa Jeanne Weil kuma 'yar gidan Yahudawa masu hali ce. Ki riƙe wannan, don shi ba ɗan sarauta ba ne, ɗan 'yan boko masu kuɗi ne da ya yi ƙuruciyarsa yana cusa kai gidajen masu jinin sarauta har aka buɗe masa ƙofa, ya shiga ya gani da idonsa. Littafin juzu'i 7 ne, na farko Du côté de chez Swann ya fito a 1913 kuma da kuɗinsa aka buga a kamfanin Grasset, na biyu ya ci kyautar Goncourt a 1919, ukun ƙarshe kuwa bayan rasuwarsa suka fito, na ƙarshe a 1927. Shafi ne wajen 3000. Garin Illiers ɗin nan shi ya koma Combray a littafin, har a 1971 aka sauya wa garin suna a hukumance ya zama Illiers-Combray.

Lokacin da labarin ke gudana Faransa jamhuriya ce tun 1870, babu sarki, kuma sunan sarauta ba ya ba mutum wani iko a doka. Amma fa iyalan nan suna nan da sunayensu da manyan gidajensu a unguwar Saint-Germain, abin da ya rage musu kawai shi ne ikon cewa wane zai shigo falona wane ba zai shigo ba. A ɗaya gefen ga likitoci da lauyoyi da masu banki, kuɗi na hannunsu, mulki na hannunsu, amma ransu na wajen wancan falon. Kusan dai abin da muka sani a nan, tsohon gidan sarauta da rufin soro ke yoyo amma ana faɗuwa a yi gaisuwa, da kuma attajirin da ya tara komai amma bai samu natsuwa ba sai an naɗa masa rawani ko ya auri 'yar gidan. Sai dai kar ki ja wannan kamancen da nisa a rubutunki, namu sarakunan har gobe suna da matsayi a hukumance da fada da hakimai, nasu kuwa suna ne da salon magana kawai suka rage.

Sannan ga shari'ar Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa bisa ƙarya a 1894, marubuci Zola ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ta kare shi a Janairun 1898, ba a wanke shi sarai ba sai 1906. Wannan rigima ta tsaga gidajen Paris biyu, ta hargitsa jerin waɗanda ake gayyata, kuma a littafin za ki ga macen da jiya ba a amsa mata gaisuwa yau ana karɓarta don kawai tana zagin Dreyfus. Sai yaƙin 1914 zuwa 1918 ya zo ya ƙarasa.

Maganar kek

Bari in faɗa miki kai tsaye, kek ɗin ba alamar komai ba ne a irin ma'anar da kike nema. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai a kan wannan, kusan kullum sai na ci karo da "kek yana wakiltar uwa" ko "shayi yana wakiltar rayuwa", kuma ina gane daga ina abin ya fito, an koya mana alamtarwa kamar lissafi ne, farar kurciya daidai take da zaman lafiya, shi ke nan a ba ka maki. A Proust ba haka abin yake aiki ba. Mai ba da labarin ya dawo gida ranar sanyi, mahaifiyarsa ta ba shi shayi da ɗan kek ɗin da suke kira madeleine, ya kai cokali baki sai wani farin ciki ya lulluɓe shi wanda bai san dalilinsa ba, ya yi ta laluben kansa sai can ya tuna ashe gwaggonsa Léonie ta kan tsoma masa irinsa a nata shayin duk safiyar Lahadi a Combray, daga nan sai garin gaba ɗaya ya taso masa, coci da lambu da tituna da mutane. Abin da ya yi aikin ɗanɗano ne, ba ma'ana ba. Da wani abin gwaggon ke ba shi da shi zai yi aikin, kuma ma a rubuce-rubucensa na farko kafin ya gyara, gasasshen burodi ne a wurin, ba kek ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan, a zamaninsa akwai mawaƙan da ake kira 'yan alamtarwa, su Mallarmé, har Jean Moréas ya fitar da sanarwar tafiyarsu a jaridar Le Figaro a 1886. Proust ya tashi a cikinsu ya sha ruwansu, amma a 1896 ya rubuta maƙala yana sukar duhun da suke sakawa da gangan a rubutu. Shi abin da ya yarda da shi, abu biyu da ba su da alaƙa, ɗaya na yau ɗaya na shekaru 30 baya, su haɗu a jikin mutum ba tare da ya nema ba. Shi ya sa a juzu'in ƙarshe abin ya sake faruwa a jere, ya yi tuntuɓe da duwatsun daɓen tsakar gidan sarautar Guermantes da ba su daidaita ba sai ga birnin Venise, cokali ya bugi faranti sai ga wata tafiyar jirgin ƙasa, ya goge baki da tsumma mai sitati sai ga bakin teku a Balbec. Duk tarkace ne marasa daraja, kuma da gangan ne.

Toh in haka ne ina alamtarwar take? Tana nan, amma ba a tsaye take ba, abu ɗaya ya kan sauya ma'ana gwargwadon hannun wanda yake da kuma shekarar da ake. Nan ne matsayi ke shigowa.

Ki bi ganye ɗaya daga kicin zuwa falo

Misalin da na fi so in fara da shi a aji shi ne asperge, wani kayan lambu ne siriri mai kama da ɗanyen kara da Turawa ke ci lokacin bazararsu. A Combray yaron na shiga kicin ya tsaya yana kallon damin asperge, ya yi masa bayani mai kyan gaske, launin shuɗi da ruwan hoda da ke sauka a hankali zuwa fari, kai ka ce alfijir ne. Wadda ke feraye su kuwa wata yarinya ce 'yar aiki mai tsohon ciki, ko suna ba a ba ta ba a littafin. Swann, abokin gidan masanin zane, ya laƙaba mata sunan wani zanen Giotto da ke birnin Padoue a Italiya, na wata mata da ke wakiltar Tausayi, don rigarta mai faɗi ta yi kama da ta zanen, in ya zo sai ya tambaya ya Tausayin Giotto take. Sai daga baya mai labarin ya gano dalilin da ya sa a shekarar nan kusan kullum asperge ake ci a gidan, ashe Françoise babbar kuku ce ta lura warinsa na tayar wa yarinyar da ciwon asma, ta yi ta sa ta aikinsa har yarinyar ta gaji ta bar gidan. Kuma wannan Françoise ɗin ce aka aika ta ɗauko littafin likita daren da ciwo ya turnuƙe yarinyar bayan haihuwa, aka same ta a zaune tana sharɓar kuka kan bayanin ciwon da ke cikin littafin, amma da aka dawo da ita gaban mai ciwon sai hawaye ya ƙafe ta koma mita.

Yanzu ki tsallaka juzu'i na 3. Ana cin abinci a gidan Guermantes, maigidan, Basin, mai sarautar duc, yana ba da labari cikin fushi wai Swann ya so ya sa su sayi wani zanen Elstir, mai zanen da Proust ya ƙirƙira, wanda ba komai a ciki sai damin asperge, kuma faran 300 na kuɗin Faransa ake nema, shi kuwa a ganinsa ko sabon fitowa ne bai wuce faran 20 ba. Wato farashin kasuwa yake yi wa zane. Wannan ma yana da tushe na gaske, a 1880 Manet ya zana damin asperge ya sayar wa Charles Ephrussi faran 800, mutumin ya aika masa 1000, sai Manet ya zana ƙwaya ɗaya ya aika masa a matsayin cikon dami. Ephrussi na cikin mutanen da ake cewa daga su aka ɗebo Swann.

Kin ga abu ɗaya ya ratsa hannu nawa. A wajen yaro kyau ne, a wajen kuku makami ne, a wajen 'yar aiki ciwo ne da rasa abinci, a wajen mai zane aiki ne, a wajen basarake shirme ne mai tsada. Ba wanda ya kalli yarinyar a matsayin mutum, har shi mai labarin da ya tsaya yana yabon launi. Wallahi duk wanda ya ce Proust ba ruwansa da maganar matsayi bai karanta wannan wurin da kyau ba.

Fasaha a matsayin katin shiga

Akwai manyan majalisu biyu a littafin. Ta Oriane, matar Basin, ita ce ƙololuwa, abin da take taƙama da shi jini ne da iya zance da ba'a. Sai ta Madam Verdurin, mai kuɗi ƙwarai amma ba asali, wadda manyan ba sa zuwa gidanta, don haka sai ta riga su, ta ce ai su ne masu gundura ita ba ta son su. Tunda ba ta da kakanni sai ta kama fasaha, tana tara 'yan amanarta duk Laraba, ga mai piyano, ga mai zane, ga likita Cottard, in za a kaɗa wani kiɗan sai ta hau roƙo a bari wai daɗinsa zai kwantar da ita da ciwon kai. Abin dariya ne, Proust ya yi mata tsiya son ransa, har da labarin ranar da ta yi dariya muƙamuƙinta ya goce. Amma ga inda ɗalibai ke zamewa, matar nan ta fi 'ya'yan sarautar ido. Ita ce ta riƙe Elstir tun ana masa kallon ɗan wasa, a gidanta ake kaɗa kiɗan Vinteuil, wani mai tsara kiɗa a littafin, tun ba a san shi ba, ita ta rungumi 'yan rawar Rasha da suka shigo Paris daga 1909, kuma ta tsaya bayan Dreyfus lokacin da hakan ke jawo asara. Ta zuba jari a inda zai yi riba nan gaba. Ƙarshenta mijinta ya mutu, ta auri wani tsohon basarake da ya tsiyace shi ma ya mutu, sannan ta auri Yariman Guermantes, ɗan'uwan Basin, wanda yaƙi ya karya, ta wayi gari ita ce Gimbiyar Guermantes, sunan da mai labarin ya yi ƙuruciyarsa yana mafarkinsa.

Iya gane fasaha bai sa ta zama mutuniyar kirki ba kuma. Lokacin yaƙi da abinci ya yi wuya ta sa Cottard ya rubuta mata takardar likita don a riƙa gasa mata burodin croissant wai maganin ciwon kanta ne, safiyar da na farko ya iso ita ce safiyar da jaridu suka kawo labarin nutsewar jirgin ruwan Lusitania a 1915, tana tsoma burodi a kofi da madara tana cewa kai wannan bala'i, fuskarta kuwa cike da jin daɗi. Ki ajiye wannan kusa da kukan Françoise a kan littafin likita, hali ɗaya ne a gida biyu. Kuma ki lura ita ma tsomawa take yi kamar mai labarin da kek ɗinsa, ni dai ban yarda haɗuwa ce kawai ba.

Swann kuma nasa ciwon daban ne, shi ne ya fi ba ni tausayi. Ɗan dillalin hannun jari ne, asalin Bayahude, amma ya kai inda yake cin abinci da Yariman Wales, ɗan kulob ɗin Jockey na manyan gari ne, alhali mutanen Combray ba su sani ba, suna masa kallon ɗan maƙwabci kawai, don a tunaninsu inda aka haife ka nan za ka mutu. Ya san zane kamar yunwar cikinsa, yana rubuta nazari kan mai zane Vermeer wanda bai taɓa gamawa ba. Ya haɗu da Odette, macen da maza masu kuɗi ke ɗaukar nauyinta, da farko ma ba ta yi masa ba, sai ranar da ya ga ta yi kama da matar Annabi Musa kamar yanda Botticelli ya zana ta a bangon cocin Sixtine a Roma, daga ranar ya ajiye hoton zanen a teburinsa kamar hotonta ne. Wani ɗan gajeren sashe na kiɗan Vinteuil da suka ji tare ya zama taken soyayyarsu. Wato zane da kiɗa ya ara ya yi wa matar riga don ya iya sonta. Da abin ya lalace, a wata liyafa aka kaɗa sashen nan ba zato, a nan ya gane ta daina sonsa har abada, kiɗa bai sauya ba amma abin da yake faɗa masa ya juye. Kuma da aka ce masa sunan mai kiɗan Vinteuil, ya ƙi yarda cewa tsohon malamin piyanon nan ne na ƙauyensu da ake rainawa, ya ce sai dai ko ɗan'uwansa. Duk iliminsa matsayi ya rufe masa ido.

Jan takalmi

In za ki karanta shafi 10 kacal a duk littafin, ki karanta ƙarshen juzu'i na 3. Oriane da mijinta za su fita cin abincin dare, karusa na jira, ta ce wa Swann amininta na shekaru ya raka su Italiya baɗi, ya yi ta kauce-kauce, ta matsa, sai ya ce ai kafin lokacin ya mutu, likitoci sun ba shi wata 3 ko 4. Ta tsaya ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin tausayin mai mutuwa da makara a liyafa, sai ta zaɓi mai sauƙi, ta ce wasa kake. Mijin na ta faɗa za a makara ba lokaci. Ta ɗaga ƙafa za ta hau karusa sai ya hango baƙin takalmi a ƙarƙashin jar riga, nan take lokaci ya samu, ya ce ta koma sama ta sako ja. Suna tafiya ya ɗaga murya yana ce wa Swann kar ya kula likitoci, shi zai binne su duka.

Ba sai an ce takalmi na wakiltar kaza ba. Minti 5 da aka hana mai mutuwa aka ba takalmi, ma'anar ke nan kuma tana cikin abin da ya faru. Bayan rasuwar Swann, 'yarsa Gilberte ta ɗauki sunan sabon mijin uwarta, Forcheville, ta daina ambaton ubanta, sai ga Oriane da ta ƙi ganinta yana raye ta buɗe mata ƙofa.

Shi kansa mai labarin bai tsira ba. Yana yaro sunan Guermantes kawai yake ji ya ga launi, ya haɗa shi da gilashin taga mai zane na cocinsu da tatsuniyoyin da, ranar da ya fara ganin Oriane a coci wajen wani ɗaurin aure sai ya ga mace ce mai jar fuska da ƙurji a gefen hanci. Bai daddara ba, ya yi shekaru yana hangen Dala, da ya shiga birnin kuma sai ya tarar da hira maras daɗi da gulma da jahilci. Hanyoyin yawo biyu na Combray, ta wajen gidan Swann da ta wajen Guermantes, waɗanda yake ɗauka gabas da yamma ne, wato masu kuɗi da masu sarauta, a ƙarshe Gilberte ta gaya masa ai ana iya bi ta ɗaya a ɓulla ɗayar, kuma ita da kanta ta auri Saint-Loup ɗan gidan Guermantes ta haifi 'yar da ta haɗa jinin biyu. In akwai alama ɗaya da ta yi kusa da irin wadda ake koyarwa a aji toh wannan ce, ita ma ɗin sai da ta rushe kanta.

Waɗanda suka yi aikin da hannunsu

A gefe guda ya ajiye mutum uku da ya ƙirƙira, Vinteuil mai kiɗa, Elstir mai zane, Bergotte marubuci. Ba ɗaya a cikinsu da ke da kwarjini a falo. Vinteuil ya mutu cikin baƙin cikin 'yarsa, kuma ƙawar 'yar tasa wadda gari ke zagi ita ce ta zauna shekaru tana warware rubutunsa da ba ya karantuwa har babban aikinsa ya fito. Bergotte kuwa yana ciwo ya fita ya je kallon zanen Vermeer na birnin Delft don wani mai sharhi ya yabi wani ɗan ɓangaren bango mai ruwan ɗorawa a ciki, ya tsaya gabansa yana cewa da haka ya kamata ya yi rubutu, ya faɗi ya mutu a wurin. Proust da kansa ya je ya kalli zanen nan a Paris a 1921 yana fama da jiki. Bambancin da littafin ke yi ba tsakanin mai asali da maras asali ba ne, tsakanin masu rataya fasaha a wuya ne da waɗanda suka zauna suka sha wahalarta, kuma Swann duk da ya fi kowa sani yana rukunin farko.

Nan ne kuma nake da ja da Proust ɗin. Mafitar da ya kawo, mutum ya janye daga liyafa ya rufe ɗaki ya yi rubutu, mafita ce ta wanda ya gaji dukiya. Shi ya yi hakan, ya manna ɓawon itace a bangon ɗakinsa a titin Haussmann don kar ƙara ta dame shi, yana da mai yi masa hidima dare da rana, Céleste Albaret. Ma'aikatan masana'anta kusan babu su a shafi 3000, talakan da ke ciki mai hidima ne, kuku da direba da yaron otal. Ya san da hakan kuwa, akwai wurin da ya kwatanta ɗakin cin abincin otal ɗin Balbec da dare da akwatin gilashin kifi, masunta da leburori sun manna fuska a waje suna kallon masu ci, har ya tambaya ko gilashin zai ci gaba da kare na ciki. Amma daga cikin gilashin ya yi tambayar, kuma bai daɗe a kanta ba.

Ta ina za ki kama

Kina iya yin furojet ɗin kan tunawa da kek, shi ne mafi sauƙin samun madogara, matsalarsa an tauna shi har ya salance kuma ba zai kai ki maganar matsayi ba sai da dole. Kina iya bi ta ilimin zamantakewa ki ɗauko Pierre Bourdieu da littafinsa La Distinction na 1979, wanda ke nuna yanda ɗanɗanon mutum a kiɗa da zane da abinci ke zama shingen matsayi, yana zama daram a kan Madam Verdurin, sai dai na ga ɗalibai da yawa sun cika babi uku da ra'i sannan suka liƙa Proust a ƙarshe kamar shaida, kuma ra'in ba ya iya bayanin Bergotte a gaban bangon nan, don ba wanda yake yi wa burga a lokacin. Da ni ne ke, abu 3 ko 4 zan zaɓa, asperge, kiɗan Vinteuil, jan takalmi, wataƙila da sunan Guermantes, in bi kowanne duk inda ya ɓulla ina tambaya a hannun wa yake yanzu, me yake yi masa, wa aka manta a wurin. Haka alamtarwa da fasaha da matsayi za su zo miki tare ba sai kin ɗaura su da igiya ba.

Ba kuma sai kin karanta juzu'i 7 ba, kar ma ki ce kin karanta in ba ki yi ba, mai jarraba ki zai gane da tambaya ɗaya. Ki karanta sashen Combray da ke farkon juzu'i na 1 duka, sai Un amour de Swann wanda labari ne mai cin gashin kansa a cikin juzu'in farko kuma ya fi sauran saurin tafiya, sai liyafar gidan Oriane da ƙarshen juzu'i na 3, sai rabin ƙarshe na Le Temps retrouvé, wato juzu'i na 7, ki faɗa a gabatarwa cewa iyakar nazarinki ke nan. Jimlolinsa dogaye ne, dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su nemo babban aikatau su ja masa layi tukuna sannan su koma su kwashe rassan, karantawa da murya ma na taimakawa sosai. Ki sani kuma daga juzu'i na 4 akwai batun luwaɗi da maɗigo a fili, musamman a labarin Charlus, ƙanen Basin, gara ki ji daga yanzu.

Iyakata kuma, ni malamin adabi ne, abin da na faɗa kan zane da kiɗa daga ɓangaren littafin na kalle shi, masanin tarihin zane zai ƙara miki abin da ya fi wannan kan Manet da Vermeer. Haɗa croissant ɗin Madam Verdurin da kek ɗin mai labari fahimtata ce, akwai masanan da za su ce na matsa wa nassi, don haka in za ki ɗauka ki kawo shafukan biyu gefe da gefe ki kafa hujja da kanki. Kuma kafin ki rubuta komai ki kai wa malamin da ke duba aikinki jerin abubuwan da kika zaɓa ya sa hannu, don wasu sassan sun fi son a fara da babin ra'i, in haka ne sai ki yi Bourdieu a taƙaice a babi na 2 ki bar sauran wa nassin.